Wa Zai Biya Kuɗin Sa Barci Da Na Ɗakin Tiyata Idan Aikin Na Haƙori Ne?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi tsokaci kan wani rami da ke cikin takardun inshorar lafiya, ramin da mai inshora ba ya lura da shi sai ranar da ya zurma ciki. Mu ma'aikatan lafiya ne, wasunmu a ɓangaren haƙori, wasu a ɗakin tiyata, wasu kuma a teburin cike takardun neman biya.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ne ɗan shekara uku, haƙoransa na nono ashirin cif, goma sha biyu sun ruɓe, biyu daga ciki har sun tara mugunya a ƙarƙashin dasashi. Ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi barci, in an ba shi abinci sai ya tura shi gefe ɗaya na baki. Likitan haƙori ya duba, ya ce wannan aiki ya fi ƙarfin kujera, sai an kai shi asibiti an sa shi barci an gama komai a zama ɗaya. Daga nan takardun kuɗi uku ke fitowa: ta likitan haƙorin, ta likitan sa barci, da ta asibiti, wato kuɗin ɗakin tiyata da na'urori da magunguna da gadon farfaɗowa. Mahaifin ya nufi kamfanin inshorar lafiya, su ce masa aikin haƙori ne, ba ya cikin yarjejeniya. Ya juya wajen inshorar haƙori, idan ma yana da ita, su ce su ciko da cirewa suka sani, asibiti ba huruminsu ba ne. Gaba kura, baya sayaki. Kuma sau da yawa takardun nan biyu da kowa ke gudu sun fi ta likitan haƙorin nauyi nesa ba kusa ba.

Matsayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya kai yaron ɗakin tiyata shi ne shekarunsa da yanayin jikinsa. Da babban mutum ne lafiyayye mai irin wannan ruɓewar, da a kujera za a yi masa, da allurar kashe zafi kawai. Tunda kuwa halin majiyyacin ne ya jawo barcin da asibitin, inshorar lafiya ce ya kamata ta ɗauke su, kamar dai yadda za ta ɗauka ba musu da hannu yaron ya karya. Abin ban dariya ma shi ne likitocin haƙori ne suka buɗe wa duniya ƙofar sa barci. Horace Wells ya gwada iskar dariya wajen cire haƙori a 1844, William Morton kuma ya nuna aikin sinadarin sa barci mai suna ether a bainar likitoci a babban asibitin Massachusetts da ke Boston ran 16 ga Oktoba 1846. Dukkansu likitocin haƙori ne. Yau kuma majiyyacinsu ne ake ce wa barcinsa ba ya cikin lissafi.

Masu tace takardu a kamfanoni sukan tambaya, me ya hana a yi masa allura a dasashi kamar kowa? Amsar tana cikin lissafi. Maganin da aka fi amfani da shi, lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, yana zuwa ne a 'yar kwalba mai cin mililita 1.8, cikinta akwai miligiram 36 na maganin. Ƙa'idar da likitocin haƙorin yara ke bi ita ce kada a wuce miligiram 4.4 a kan kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 15 iyakarsa ke nan miligiram 66, wato kwalba biyu ma ba ta cika ba. Wannan bai isa a kashe kusurwoyin baki huɗu ba. In aka ƙetare iyakar, yaro na iya kama jijjiga, zuciya ma na iya rikicewa. To sai dai a raba aikin gida huɗu ko biyar, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ɗan shekara uku a kujerar haƙori ya san cewa in ya yarda a zuwan farko, a na biyu tun daga bakin ƙofa zai fara birgima. Ga wata kuma: inda mugunya ta taru, naman wurin yakan yi tsami, maganin kuwa ba ya ratsa jijiya sosai a wuri mai tsami, sai a yi allurar amma zafin na nan. Sannan injin da ake haƙe ruɓar da shi yana juyawa sau dubu ɗari uku ko fiye a minti ɗaya, kusa da harshe da leɓe. Juya kai ɗaya ya isa ɓarna.

Ba yara kaɗai ba. Akwai mai lalurar ƙwaƙwalwa da jikinsa ke fizga ba da sonsa ba, da mai galahanga wanda ƙarar inji da hasken fitila ke birkita shi, da mai farfaɗiyar da magani bai gama riƙe ta ba, da tsohon da mantuwa ta kama har ba ya gane abin da ake ce masa. Akwai kuma waɗanda za su iya zama tsaf a kujera amma jikinsu na bukatar asibiti a kusa: mai ciwon rashin tsayawar jini, wanda sai an ƙara masa sinadarin daskarar da jini kafin a taɓa shi, da mai ciwon zuciya mai tsanani. Mai amosanin jini, wato sikila, shi ma nasa tsarin daban ne, domin ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska duk suna tayar masa da ciwo, ga shi kuma sa barci na bukatar a hana ci da sha. Shi ya sa ake sa shi farkon layi, a rataya masa ruwa da wuri, a kula da ɗumin jikinsa, wani lokaci ma a kwantar da shi tun daren jiya. Sai karayar muƙamuƙi, da kumburin da ya taso daga haƙori ya gangara ƙarƙashin harshe yana neman toshe hanyar numfashi. Wannan na ƙarshe ba ya jiran takardar kowa.

Amma a yi wa kamfanoni adalci. Babban mutum lafiyayye da ya ce shi dai a sa shi barci a cike masa turmi ɗaya don ba ya son ƙarar inji, in kamfani ya ƙi biya, ba mu ga laifinsa ba. Barci yana da nasa haɗarin, ba abin marmari ba ne.

Barcin ma hawa-hawa ne, kuma ya kamata mai inshora ya san sunan matakin da za a yi masa, saboda takardar yarjejeniya na iya ambaton ɗaya ta bar saura. Na ƙasa shi ne iskar dariya da ake shaƙa ta hanci, mutum na jin magana yana amsawa. Sai maganin kwantar da hankali irin su midazolam, a sha ko ta jijiya. Sai barci mai nauyi ta jijiya, sannan cikakken barci inda likita ke karɓar ragamar numfashin majiyyaci. Tsakanin matakan babu katanga. Yaron da aka nufa da mataki na biyu yana iya zamewa zuwa na uku ba tare da kowa ya yi niyya ba, saboda haka ƙa'ida ita ce duk mai ba da maganin ya iya ceto majiyyaci daga matakin da ya fi wanda ya nufa zurfi.

Bari mu shiga ɗakin tiyatar, don a ga inda kuɗin ke tafiya. Kafin ranar, likitan sa barci zai duba yaron, ya auna nauyinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya tambayi ko yana minshari, ko yana da asma, ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci. Tambayar dangin nan tana da dalili: akwai wata lalura ta gado da ke sa zafin jiki ya hau, tsokoki su ƙame, da zarar an shaƙi wasu magungunan barci, kuma maganinta guda ne, dantirolin, wanda dole ya kasance a ajiye a kusa ko da shekara za ta wuce ba a buɗe shi ba. Sai maganar hana ci. Ruwa garai a tsayar saura awa 2, nonon uwa saura awa 4, madara da abinci mara nauyi saura awa 6, abinci mai maiƙo saura awa 8. Uwar da ta ji tausayi ta ɗan ba shi wani abu a hanya, ta kuma ɓoye, ta jefa shi cikin haɗari, domin mai barci ba ya iya tare amai, abin da ke ciki sai ya gangara huhu.

A ciki, ana fara sa wa yaro abin shaƙa a fuska har ya yi barci, sannan a sa masa allurar ruwa a jijiya. Bututun numfashi galibi ta hanci ake zura shi, don a bar wa likitan haƙori baki. Bayan haka a cusa ƙyallen bandeji a can ƙarshen maƙogwaro, ya tare jini da ruwa da ɓarɓashin haƙori. Ana rubuta shigarsa, ana faɗar fitarsa da babbar murya, saboda in aka manta shi aka zare bututu, shi ne zai shaƙe yaron. Na'ura ɗaya na kan yatsa tana auna iskar da ke cikin jini, wata na auna iskar da yake fitarwa, wata na bin bugun zuciya. Lokacin da ya fi kowanne tsayar da gashi shi ne na zare bututun: ɗigon jini ko yawu in ya taɓa bakin maƙogwaro a sa'ad da yaron ke tsakanin barci da farkawa, wurin na iya damƙewa, iska ta daina shiga. Gwani yakan warware wannan cikin daƙiƙoƙi, in akwai kayan aiki a hannu da mataimaki a gefe. Mura tana ƙara yiwuwar hakan, shi ya sa ake ɗage aikin yaro mai tari da zazzaɓi na wasu makonni. Ku riƙe wannan batu na ɗagewa, za mu dawo kansa.

Ingila ta koyi darasin nan da tsada. Shekara da shekaru ana sa mutane cikakken barci a ƙananan asibitocin haƙori, har mace-macen yara lafiyayyu suka tayar da hankalin jama'a. Ma'aikatar lafiya ta fitar da rahoto a shekarar 2000, kuma daga farkon 2002 aka taƙaita cikakken barci don aikin haƙori ga asibitocin da ke da sashen kulawa ta musamman. A can gwamnati ce ke ɗaukar nauyin yara, don haka tambayar wa zai biya ba ta taso wa iyaye, sai dai dogon layi. Ruɓewar haƙori ta daɗe tana kan gaba cikin dalilan kwantar da yara 'yan shekara biyar zuwa tara a asibitocin ƙasar.

Inda rikicin biyan ya fi fitowa fili ita ce Amurka, domin a can inshorar lafiya daban, ta haƙori daban, kuma ta haƙorin yawanci tana da rufi na dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara, wanda aikin haƙorin kansa ke cinyewa kafin a zo kan maganar barci. Jihohi fiye da talatin sun yi dokar da ta tilasta wa inshorar lafiya biyan kuɗin sa barci da na asibiti ga wasu rukunin mutane. Ta Kalifoniya, wadda ta fara aiki a farkon shekarar 2000, ta ambaci rukuni uku: yaro ƙasa da shekara bakwai, mai naƙasar da ta shafi girma da fahimta ko shekarunsa nawa, da wanda rashin lafiyarsa ta sa barcin ya zama dole. Minesota ta tsaya a ƙasa da shekara biyar, Fulorida ƙasa da takwas. Kun ga yaro ɗan shekara shida yana da kariya a wata jiha, a wata kuma sai an kafa masa wata hujja. Iyakar shekarun nan ita ce raunin dokokin a ganinmu, domin ranar haihuwa ba ta sa yaro ya iya zama shiru.

Akwai abubuwa uku da iyaye kan yi wa dokokin mummunar fahimta a kansu. Dokar ba ta ce inshorar lafiya ta biya ciko da cirewa da ladan likitan haƙori ba, wannan yana nan a wuyan inshorar haƙori ko aljihun mutum. Ba ta kuma yafe kason da mai inshora ke fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu ba. Na ukun shi ya fi cin mutane: manyan ma'aikatu da yawa su ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu da kansu, kamfanin inshora takardu kawai yake gudanar musu. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, dokar jiha ba ta hawa kansa. Katin da ke hannun ma'aikaci iri ɗaya ne da na kowa, tambarin kamfani ɗaya, amma haƙƙin ba ɗaya ba. Sai an tambayi ofishin ma'aikata kai tsaye. Wasu dokokin kuma asibiti da cibiyar tiyata kawai suka ambata, saboda haka in likitan sa barci ya zo da kayansa ɗakin likitan haƙori, abin da aka halatta a Amurka bisa lasisi kuma ya fi sauƙin kuɗi, kamfani na iya cewa ba ruwansa.

Yaran da ke ƙarƙashin Medicaid, shirin masu ƙaramin ƙarfi, dokar tarayya ta ba su duk jinyar da ta zama dole har su cika shekara 21. Matsalarsu ta wani gefen take. An daɗe ana biyan asibiti kuɗi kaɗan ƙwarai a kan aikin haƙori, domin babu lamba ta musamman da asibiti zai sa a takardar neman biya, sai wata lambar tarkace, 41899, wadda Medicare, shirin inshorar tsofaffi, ke biyan kimanin dala 200 a kanta a lokacin. Asibitin da zai ba da ɗakin tiyata na awa biyu da nas-nas a kan wannan kuɗi, alhali ga likitan ƙashi na jiran ɗakin, kowa ya san wanda zai zaɓa. Sai ga yaro da inshora a hannu, ga izini, amma babu ɗaki. A 2023 aka ƙirƙiro sabuwar lamba, G0330, aka ɗaga kuɗin zuwa kimanin dala 1,700. Darasin da ke ciki ga duk mai tsara inshora shi ne rubuta "za a biya" a takarda ba ya buɗe ƙofar ɗakin tiyata in farashin bai kai ba.

Medicare, na tsofaffi, tun kafa shi a 1965 ya ware aikin haƙori gefe, sai dai yana iya biyan kuɗin kwanciya in rashin lafiyar mutum ko girman aikin ya sa dole a kwantar da shi. Daga 2023 ya fara biyan aikin haƙorin da ke ɗaure da wata jinya, kamar kawar da ruɓa kafin dashen gaɓa ko kafin sauya murfin zuciya, tare da barcin da hoton da ɗakin tiyatar. An ƙara masu sankarar kai da wuya a 2024, masu wankin ƙoda a 2025.

To ina takardu ke faɗuwa? Mafi yawa a kan lamba. Likitan haƙori yana da nasa kundin lambobi: D9222 na minti 15 na farko na barci mai nauyi ko cikakke, D9223 na kowane minti 15 da ya biyo baya. Likitan sa barci da ke neman biya daga inshorar lafiya kuwa 00170 yake sawa, lambar sa barci don aiki a cikin baki. In aka aika lambar haƙori a takardar inshorar lafiya, kwamfuta na iya watsar da ita kafin idon ɗan Adam ya gan ta. Haka in abin da aka rubuta a gurbin ciwo K02.9 ne kaɗai, wato ruɓewar haƙori, ba a ƙara lalurar da ta sa barcin ya zama dole ba, kamar G80, lambar lalurar ƙwaƙwalwa mai sa jiki fizga, ko F84.0, ta galahanga, ga yaron da ke da su. Takardar sai ta zama kamar ta mai ciko na yau da kullum. Lissafin ladan likitan barcin kuma ga yadda yake: lambar 00170 tana da maki 5 na tushe, sai maki ɗaya a kan kowane minti 15, ana ƙirgawa daga lokacin da ya fara shirya majiyyaci har ya miƙa shi ga nas a ɗakin farfaɗowa. Aikin awa biyu ya zama maki 13, a ninka da farashin da aka yi yarjejeniya a kai. Wanda ya san wannan zai iya duba takardarsa ya ga ko mintunan sun yi daidai da na rajistar ɗakin tiyata.

Shawararmu ga duk wanda aka ce za a sa wa ɗansa ko majiyyacinsa barci, a kowace ƙasa yake, ita ce ya fara da shafin abubuwan da inshora ba ta biya, ya karanta sakin layin haƙori har ƙarshe, domin togaciyar da ke cetonsa yawanci a wutsiyar jimlar take. Sannan ya nemi izinin kamfani a rubuce kafin a taɓa komai. Amsar waya ba hujja ba ce, in ma an yi ta, a rubuta rana da lambar kiran. Izinin ya ƙunshi asibitin da likitan sa barcin duka biyu, don an sha samun wanda aka amince wa ɗaya aka manta ɗayan. A tabbatar kuma dukkansu suna cikin jerin waɗanda kamfanin ke hulɗa da su. A Amurka, tun 1 ga Janairu 2022, doka ta hana likitan barcin da ba ya cikin jeri ya cajin majiyyaci ragowar kuɗi in asibitin na cikin jeri, amma ba ko'ina ake da irin wannan kariya ba.

Wasiƙar da likita zai rubuta ita ce ƙashin bayan neman. "Yaro ba ya ba da haɗin kai" ba ta isa ba, kowane mai tace takarda ya ga irinta ɗari. A rubuta shekarunsa da nauyinsa, haƙora nawa suka lalace kuma a kusurwa nawa, iyakar maganin kashe zafin da nauyinsa zai ɗauka, abin da aka gwada a kujera da ranar da aka gwada da yadda aka ƙare, lalurar da yake da ita tare da takardar likitansa, da abin da zai biyo baya in aka bar shi. A haɗa da hoton bakin ko da na waya ne. A kuma faɗa a fili cewa jerin aikin na iya canzawa, saboda yaron da bai yarda an duba shi ba, bai yarda an ɗau hoton ƙashin ba, sai ya yi barci ake ganin gaskiyar abin da ke tsakanin turame. Sau da yawa wanda aka shiga da niyyar cikewa a ƙarshe cire shi ake yi. In akwai alamar za a kwana, kamar yaro mai minshari da ɗaukewar numfashi ko mai sikila, a nemi izinin kwanan tun farko.

Mu koma kan murar nan. Izini yana da wa'adi. An ba da shi, an sa rana bayan wata biyu, ranar ta zo yaro na tari, an ɗage, sabuwar ranar ta faɗa bayan wa'adin, ko ma ta tsallaka sabuwar shekarar inshora inda kason aljihu ke komawa sabo. Kowa ya ɗauka izinin na nan. An yi aiki lafiya, sai takardar ƙin biya ta iso. Duk ranar da aka ɗage aiki, a ranar ake duba wa'adin izini.

In an ƙi, a nemi dalilin a rubuce tare da sakin layin da aka dogara da shi, a ɗaukaka ƙara. A tsarin Amurka mutum na da kwana 180 ya nemi kamfani ya sake dubawa, in abin gaggawa ne a ba shi amsa cikin awa 72, in sun sake ƙi kuma akwai mai duba na waje wanda hukuncinsa ke hawa kan kamfanin. Yana da amfani likitan ya nemi magana baki da baki da likitan kamfanin. Ƙin farko sau da yawa kuskuren lamba ne kawai.

Mu ma'aikata ma da namu nauyin. Wanda ya samu yaro a barci ya yi aikin da zai daɗe. Turmin nono da ruɓa ta ci gefe biyu ko uku, hular ƙarfe ta fi masa farin ciko, ko da iyaye sun fi son fari, domin cikon na iya faɗuwa a dawo da yaron ɗakin tiyata kafin ya yi famfara. Haƙorin da ake kokwanto a kansa gara a cire. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Disamba 2016 cewa barcin da ya wuce awa uku, ko wanda ake maimaitawa, yana iya shafar ƙwaƙwalwar yaro ƙasa da shekara uku. Gargaɗin bai hana aikin da ya zama dole ba, amma ya isa ya sa a yi sau ɗaya, a yi da sauri, a yi da kyau. Kuma ba kowace ruɓa ke bukatar barci ba. Akwai ruwan azurfa da fuloraid mai ƙarfin kashi 38 cikin ɗari da ake ɗigawa a kan ruɓa ya tsayar da ita, ba allura ba inji, illarsa dai yana mayar da wurin baƙi ƙirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Yakan sayi lokaci har yaro ya girma ya iya zama a kujera, amma ba ya aiki a haƙorin da ciwon ya riga ya kai jijiya. Yaron da aka yi wa aiki kuma aka koma kwantar da shi da bulumboti mai zaƙi a baki, ba a shafa masa fuloraid, zai dawo.

Kamfanoni suna cewa in aka buɗe wannan ƙofa kuɗin inshora zai hau, wasu likitoci kuma za su riƙa tura kowa ɗakin tiyata. Fargabar ta biyu tana da tushe, maganinta kuwa neman izini da sharuɗɗa bayyanannu. Ta farkon ce ba ta tsaya ba, domin yaron da aka hana ba ya ɓacewa daga littafin kamfanin. Yana dawowa ta ƙofar gaggawa da kumburarriyar fuska, a kwantar da shi kwanaki ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci a sa shi barcin dai don a tsaga kumburin, kuma duk wannan inshorar lafiya ke biya ba gardama, haƙorin da ya jawo abin kuwa yana nan a bakinsa. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a jihar Maryland bayan ciwon haƙori ya haura ƙwaƙwalwarsa, an yi masa tiyata har biyu da jinyar makonni, a kan abin da cire haƙori ɗaya a kan lokaci zai iya tarewa.

Abin da muke nema ga hukumomin da ke sa ido kan inshora da kamfanonin kansu sakin layi ɗaya ne a cikin kowace yarjejeniya, da harshen da mai saye zai gane: cewa inshorar lafiya za ta biya kuɗin sa barci da na wurin da aka yi aikin a duk lokacin da ƙuruciya ko naƙasa ko wata lalura ta hana a yi shi a kujera cikin aminci, ko a asibiti ne ko a wani wurin da ke da lasisin yin hakan, cewa shaidar likita ce ma'auni ba ranar haihuwa kaɗai ba, kuma izinin da aka bayar ba zai mutu ba don likita ya ɗage aiki saboda mura.

Mun gode da filin da ka ba mu, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu karanta wannan jarida